Hoton Zaki a Bayan Raga: Yadda Ake Ɗauka a Gidan Namun Daji, da Yadda Ake Gyarawa

Karɓi wayar duk wanda ya kai yara gidan namun daji na Garwa, a Kamaru, da Sallah ka duba. Hoto iri ɗaya za ka tarar: raga ta fito tar, har kana iya ƙirga zaren ƙarfenta, can a bayanta kuma ga wani dunƙule mai ruwan ƙasa wanda sai mai wayar ya rantse kafin ka yarda zaki ne. Nawa ma haka suke a farko. Na daɗe ina ɗora laifin a kan wayata, har ranar da na ari kyamara mai tsada na dawo gida da irin dunƙulen nan, sai dai wannan karon ya fi girma.

Aikin duka bai wuce abu biyu ba: ka fitar da raga daga hoton, ka shigar da idon dabbar. Sauran bayanin hidima ce ga waɗannan biyun. Akwai abin da ake yi a bakin keji, akwai wanda ake yi bayan an koma gida an sha ruwa, kuma na bakin kejin ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Mataki na 1: Shiri tun daren jiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cika batir, ka share tsofaffin bidiyoyin da suka cinye maka wuri, domin kafin ka samu hoto 5 na kirki kana iya ɗaukar 200. Sa ɗan ƙyalle mai laushi a aljihu. Yawancin hotunan da ke fitowa kamar an ɗauke su cikin hayaƙi, maiƙon yatsa ne da ƙura a kan idon kyamara. Ka bar farar riga a gida, ka sa mai duhu: fari yana dawowa a jikin gilashi, kuma yana jan hankalin dabba mai tsoro.

Ranar Sallah da Lahadi na yara ne. In hoto ya kai ka, je ranar aiki, lokacin da ba mai tura ka ta baya, ba mai ihu a kunnen biri. A ƙofa ka tambaya ko babbar kyamara tana da kuɗinta daban, kada sai ka shiga a yi ta ja-in-ja.

Mataki na 2: Zaɓi lokaci

Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. A Garwa rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 na safe, ta faɗi wajen 6 na yamma, bambancin bai da yawa duk shekara. Hasken da ke da daɗin aiki shi ne na safe kafin 9, sai kuma na bayan La'asar. A lokacin rana tana gefe, tana shiga idon dabba, tana fito da gashi ɗaya-ɗaya. Da tsakar rana kuwa haske daga sama yake saukowa, ƙoƙon ido ya zama baƙin rami, bayan dabbar ya ƙone fari fat. Ga shi magariba a nan ba ta jira. In ka ga hasken ya yi ja, 'yan mintoci gare ka.

Kowane yanayi da halinsa. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, dabbobi suna zubewa a inuwa tun hantsi, wayar ma tana ɗaukar zafi har ta ƙi buɗe kyamara. Kada ka bar ta a rana, mayar da ita aljihu tsakanin keji da keji. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana da sanyin safe da ke sa dabbobi motsi, har kada yakan fito shan hantsi. Hazon yana tausasa haske amma yana kashe kala, wannan kuwa ana iya gyara shi daga baya. Ni dai damina na fi so, musamman ranar da gajimare ya rufe rana bayan ruwa: ganye ya wanku, ƙura ta kwanta, babu inuwa mai kaifi, kana iya aiki har azahar.

Mataki na 3: Zagaya hannu rabbana, ka gaida mai kula da dabbobi

Zagayen farko kada ka ɗauki komai. Duba wane keji rana ke bugawa yanzu, wanne ne za ta buga da yamma, ina ne raga take cikin inuwa. Sannan nemi ma'aikacin da ke ba su abinci. A gaishe shi yadda ya kamata, in da Fillanci ya fi sakewa a fara da "Jam na?", sannan a yi tambaya.

Wani dattijo a irin wannan aiki ya taɓa ganina na kafe a gaban zaki fiye da rabin sa'a, zakin ya ba ni baya. Na ce, "Baba, wannan kuwa yana tashi?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, je ka kalli birai. In ka ji ƙarar bokitina ka dawo da gudu." Haka kuwa aka yi. Ƙarar ƙarfen nan na tashi, zakin ya miƙe, kunnuwa a tsaye, ido a buɗe. Zaki yana iya shafe sa'a 16 zuwa 20 a kwance cikin yini da dare, saboda haka wanda ya san lokacin tashinsa ya rage maka rabin wahala.

Kada ka jefi dabba da tsakuwa don ta waiwayo, kada ka buga keji, kada ka miƙa mata gyaɗa ko biskit. Ban da cutar da ke ciki, fuskar dabbar da aka tsokana ba ta kyau a hoto: kunne a kwance, ido a tsuke.

Mataki na 4: Kawar da raga

Nan ne gundarin aikin. Kyamara ba ta iya kama kusa da nesa a lokaci guda da kaifi ɗaya. Gwada da kanka: ɗora yatsa dab da idonka ka kalli bango, za ka ga yatsan ya narke. Abin da muke so ya faru da raga ke nan. Sharuɗɗansa huɗu ne, kuma tare suke aiki.

Gilashin kyamararka ya kusanci raga iya yadda shingen wurin ya ba da dama. Dabbar ta yi nisa da ragar, mita 3 zuwa sama. In ta jingina da ita, haƙura, babu dabarar da za ta raba su. Yi amfani da dogon gilashi mai jawo nesa, irin 70–300mm ko 55–250mm, ka kai shi wajen ƙarshensa. Sannan buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, wato lambar f mafi ƙanƙanta da gilashin ke da ita, f/4 ko f/5.6. A kyamarar Nikon da Sony juya maɓallin sama zuwa A, a Canon zuwa Av, sai ka rage lambar.

Akwai na biyar da mutane ke mantawa: tsaya a inda ragar take cikin inuwa. Ragar da rana ke haskawa, ko ta narke, tana barin farin hazo a kan hoton. Ka kuma fuskance ta kai-tsaye. In ka tsaya a karkace, zaren ƙarfen suna haɗuwa su yi kauri.

Kyamara za ta yi ta kama ragar maimakon dabbar, don ita ce kusa. Sa mata ɗigon saiti guda ɗaya, ka ɗora shi ta cikin ramin raga a kan idon dabbar. In ta ƙi ji, kashe saitin kai-da-kai ka murɗa zoben da hannu.

Mai waya lissafinsa daban. Idon kyamarar waya ƙarami ne, kusan komai yana fitowa da kaifi, raga ba ta narkewa da sauƙi. Amma ƙanƙantar tana da amfani: idon yana shiga daidai ramin raga. Daidaita shi a tsakiyar rami, ragar ta fita daga hoton baki ɗaya. Wannan dabarar ta kejin tsuntsu ce, da kunkuru, da barewa, inda aka yarda mutum ya matso. Ban da zaki, ban da kura, kuma ban da biri. Ni na gwada a kejin biri a wani gidan namun daji, ina ta lissafin haske, sai ji na yi an fizgi igiyar wayar. Allah ya taimake ni igiyar ce ta tsinke. Birin ya koma can saman reshe yana taunarta yana kallona. Inda aka yi shinge na biyu tsakaninka da keji, an yi shi ne da dalili, kada ka tsallaka.

In wayarka tana da ido na biyu mai jawowa, wanda ake rubuta 2x ko 3x, yi amfani da shi. Jawowa da yatsu biyu har 10x kuwa yanka hoton kawai take yi ta buɗa shi, gashin dabba ya koma kamar fenti. Gara ka kunna cikakken girma, 50MP ko 108MP da ake samu a Tecno, Infinix da Samsung da dama, ka ɗauka daga nesa, ka yanke da kanka a gida. Tsarin nan mai dusashe bayan mutum yana rikicewa a gaban raga, ya cinye gashin baki da gefen kunne. Kashe shi.

Inda aka sa maciji a bayan gilashi, manna idon kyamara a jikin gilashin, kare gefe da tafin hannu ko hula, filasha a kashe. A gaskiya bar filasha a kashe duk yinin.

Mataki na 5: Ido, tsayi da abin da ke baya

In ido ya fito da kaifi, mai kallo zai yafe wa sauran hoton. In bai fito ba, ko gezar zaki ta kai ƙasa hoton ya mutu. A waya taɓa idon a allo, danne har saitin ya kulle, sannan ja alamar ranar nan ƙasa kaɗan. Hoton da ya ɗan yi duhu yana gyaruwa, wanda ya ƙone fari ba ya dawowa. Jira ɗigon hasken nan ya bayyana a ƙwayar ido. Sau da yawa ɗan juya kai ne kawai ke kawo shi.

Sauka daidai tsayin dabbar. Kunkuru daga sama ƙwarya ce a kife. Durƙusa har gwiwa ta taɓa ƙasa, sai ka ga tsohuwar fuska mai tamoji. Jimina kuwa ita ke kallonka daga sama, kuma ƙwayar idonta ta kai kusan santimita 5, ga gashin ido zara-zara. Cika hoton da kai da wuya, ka manta da ƙafafu.

Kafin ka danna, zagaya da idonka kusurwa huɗu na allo. Bokitin roba, bangon siminti, ledar ruwa, ƙafar wani: taku ɗaya zuwa dama ko hagu yakan kawar da su, ya sa ganye ko inuwa a madadinsu. Taku ɗayan nan ya fi minti 20 na goge-goge a waya.

Mataki na 6: Sauri

Saurin ƙiftawar kyamara nake nufi, wato ɗan lokacin da take buɗe wa haske, a kason daƙiƙa. Dabbar da ke kwance 1/250 ya ishe ta. Mai tafiya 1/500. Biri da tsuntsu 1/1000 ko fiye. Da gilashin 300mm a hannu kada ka sauka ƙasa da 1/500, don rawar hannunka ma ana jawo ta tare da dabbar. Bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau da kansa, ko ya kai 1600 ko 3200. Hoto mai yashi-yashin da hawan ISO ke kawowa ana rage masa, mai girgiza sai shara. A waya waɗannan lambobi suna cikin sashen Pro, in babu kuma ka nemi wuri mai haske ka jingina gwiwar hannu da wani abu. Kunna ɗauka a jere lokacin hamma, tsalle ko miƙa. Kada da ya buɗe baki yana rage zafin jikinsa ne, zai daɗe a haka, ba sai ka yi gaggawa ba. In kyamararka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, kunna shi. Da hunturu kada ka canza gilashi a fili, ƙura za ta shige ciki.

Mataki na 7: Tankaɗe

A gida, kafin kowane gyara, zubar. Buɗa kowane hoto har ido ya cika allo. Mai kaifi ya tsaya, saura su tafi. Daga hamma 15 ɗauki ɗaya. Wannan yana da ciwo, amma gyaran hoton da bai kamu ba wanka ne da kashin awaki a ruwa.

Mataki na 8: Gyara, bi da bi

Snapseed na Google kyauta ne, ba ya buƙatar data bayan an sauke shi, kuma ya ishi wannan aiki. Lightroom na waya ma yana da kyau, sai dai wasu kayansa sai an biya. Tunda wayoyinmu wasu da Faransanci suke wasu da Turanci, zan kira kayan aikin da abin da suke yi. Jerin yana da muhimmanci, don kowane gyara a kan na baya yake hawa.

Fara da yanka. Daidaita hoton in ya karkace, yanke saman keji, bakin kwano da duk abin da ke gefe. Bar fili a ɓangaren da dabbar ke kallo, kada hancinta ya dunguri bakin hoto. Kada ka yanke a kan gaɓa ko ka gutsure kan kunne: ko dai kunnen duka, ko ka shiga fuska sosai da gangan.

Sai gyaran fari. Hoton hunturu yakan yi rawaya-rawaya, na ƙarƙashin bishiya ya yi kore-kore ko shuɗi. Nemi abin da ka san fari ne ko toka a hoton, kamar haƙori ko farin gashin haɓa, ka ja zafin kala har ya koma yadda ka gan shi.

Sannan haske. Rage wuraren da suka fi haske, kamar -30 zuwa -50, gashin goshi da na baya zai dawo. Ɗaga inuwa +20 zuwa +30 don fuska ta buɗe. In ka wuce haka, yashi zai taso daga cikin duhun kuma hoton ya yi lami. Hazon da raga ko hunturu ya bari, ƙarin bambancin haske da duhu ke kore shi, tare da ɗan zurfafa baƙi. Lightroom yana da majayi na musamman don cire hazo, +10 zuwa +20 ya isa.

Yanzu ido. A Snapseed akwai abin gyaran wuri guda: ka ɗora ɗigo, ka tsuke da'irar da yatsu biyu har ta tsaya a kan ido, ka ƙara haske kaɗan. Kaɗan na ce. Idon da aka cika wa haske yana komawa kamar na mage a fitilar mota. Da wannan ɗigon kuma kana iya rage hasken bangon da ke baya, don kallo ya tattaru a fuska.

Mai alamar filasta shi ne magogi. Yana aiki a kan ƙananan abubuwa: ƙuda a hanci, tsinke a geza, guntun leda a ƙasa, layin raga guda da ya ratsa ganye. Buɗa hoton sosai, ka riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan maimakon ja mai tsawo. In ragar ta ratsa fuska gaba ɗaya, bar shi. Za ka ɓata dare guda ka samu zaki mai tabon ƙuna.

Kaifi ya zo kusan ƙarshe, +10 zuwa +20. Duba gefen kunne: in farin layi ya bayyana, ka zarce. Kala kuwa ita ce ramin da kowa ke faɗawa. Zakina na farko da na gyara, na ja majayin kala har ya fito kamar an tsoma shi a manja, ciyawar bayansa kamar ledar masallaci. Na tura wa ƙanwata ina jiran yabo, ta ce, "Yaya, wannan a katun ka samo shi?" Zakin ƙasarmu ruwan busasshiyar ciyawa gare shi. Ƙara +5 ko +10, ko ka bar shi yadda yake. In bangon kejin fenti ne mai ihu wanda ya ƙi gyaruwa, mayar da hoton baƙi da fari. Fatar kada, fuskar gwaggon biri da ƙoƙon kunkuru sun fi kyau ma a haka.

Danne allo ka ga na asali, saki ka ga gyararre. Ajiye wayar ka yi wata hidimar, ka dawo bayan sa'a guda da sabon ido. Kusan kullum za ka rage wani abu. Adana kwafi, kada ka danne na asalin. Kuma kada ka yi gyara a tsakar rana a waje ko da hasken allo a ƙure, zai yaudare ka.

Mataki na 9: Turawa da rubutun ƙasan hoto

WhatsApp yana matse hoto, gashin da ka sha wahala a kansa ya dame. Zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin fayil. Don Facebook fitar da shi da dogon gefe mai ɗigon hoto (pixel) 2048. Instagram ya fi karɓar na tsaye, 1080 da 1350. In wankewa za ka yi a girman santimita 10 da 15, hoton ya kai aƙalla 1200 da 1800, kuma ka ɗan ƙara masa haske, don takarda ba ta da fitila a bayanta kamar allo.

Da ragar ta ɓace, zuciya za ta raya maka ka rubuta "dajin Waza" ko "dajin Binuwai" a ƙasa, ko ma "Zakuma" ta Chadi. Kada ka fara. Garwa gari ne mai makarantar horar da jami'an kula da namun daji tun 1970, ɗalibanta daga ƙasashen Afirka da dama suke zuwa. Ɗaya daga cikinsu zai ga hoton, ya lura da simintin da ke ƙarƙashin dungu ko gashin da ya goge a kafaɗa saboda jingina da ƙarfe, ya tambaye ka a gaban jama'a ta wace hanya ka shiga dajin. Haka ma ka guji manhajojin da ke cire bango su dasa daji na ƙarya. Rubuta sunan dabbar, da gidan da ka ɗauka, da wata, da lokaci: "Zaki, gidan namun daji na Garwa, Janairu, ƙarfe 8 na safe." In za ka koma, wanke kwafi ɗaya ka kai wa mai bokitin nan.